Kasuwar Wuta da Baƙon da Ba Shi da Maigida

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu na zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, kuma an fi jin ta a daren da aka ɗauke wuta. Da zarar fanka ta tsaya, sai wani ya gyara zama ya ce duk laifin rashin kasuwa ne. Ai a Amurka, in ji shi, mutum ne ke zaɓar kamfanin wutarsa, idan wannan ya ɓata masa rai ya koma wancan, shi ya sa ba su san dumso ba. Sai jama'a su gyaɗa kai, domin maganar tana da daɗin ji, kuma wanda zufa ta jiƙa ba ya tsananta bincike. Da wannan magana muke jayayya a yau. Abin da ake yi wa kirari da sunan zaɓi, idan aka kware masa zane, nauyi ne aka sauke daga wuyan hukuma da kamfani aka ɗora wa mai kunna fitila, kuma babu wanda nauyin ya fi danne wa kamar baƙon da ya sauka jiya.

Kada a ɗauka mu maƙiya kasuwa ne. Zango kasuwa ce ta haife shi. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakai, suka yi watanni a hanyar Gwanja domin goro, ba su bar wa kowa sanin ciniki ba. Sai dai sun san wani abu da masu wa'azin kasuwa na yau suka manta, wato baƙo ko da ido makaho ne. Saboda haka a Salaga, kuma daga baya a Kintampo da Atebubu da Kumasi, falke ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Gidan maigida yake sauka. Maigida ne ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa farashin gari, ya tsaya masa idan aka ci bashi, domin in aka cuci baƙon sunan maigidan ne ya ɓaci, kuma baɗi ayari ba zai sauka gidansa ba. La'adar da ake ba shi kuɗin amana ce. Da wannan ma'auni na kakanni za mu auna kasuwar wutar da ake yi mana kwaɗayinta.

Mu tafi inda aka fi sakin wannan kasuwa, wato jihar Teksas ta Amurka, inda wasu daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu suka koma neman abinci a Huston da Dalas. A 1999 majalisar jihar ta yi dokar da ta rarraba harkar lantarki, George W. Bush yana gwamna ya sa mata hannu, kuma daga 1 ga Janairun 2002 aka buɗe kasuwar ga gidaje. An raba aikin gida uku. Akwai masu tashoshin samar da wuta. Akwai masu turaku da wayoyi da mita, irin su CenterPoint a Huston da Oncor a Dalas. Sannan akwai 'yan tsakiya, kamfanonin da ba su da tasha ba su da turke, aikinsu su saro wuta su sayar wa gidaje su aiko da takardar kuɗi. A cikin waɗannan 'yan tsakiya kaɗai ake zaɓi. Biranen Ostin da San Antoniyo ba su shiga tsarin ba, har yau hukumar gari ce ke da kamfanin wutarsu.

To, a ce ɗanmu ya kama ɗakin haya a Huston. Kafin a miƙa masa makulli, galibi sai ya nuna shaidar cewa ya buɗe asusun wuta da sunansa. Babu ofishin da zai je ya yi layi, babu wani kamfani da aka ajiye masa tun farko. Shafin intanet na hukumar jihar za a nuna masa, mai suna Power to Choose, ya shigar da lambar unguwarsa, sai tayi bila adadin ya zubo masa, kowane da farashinsa da wa'adinsa da sharuɗɗansa. Yau ya ga gidan, gobe yake son tarewa, zafin watan Yuli kuwa a Huston ba ya barin mutum ya kwana babu na'urar sanyaya ɗaki. Wanda aka ba kwana ɗaya ya tantance abin da 'yan gari ma ke ruɗewa a kai, an tura shi caca ne.

Shinge na farko da zai ci karo da shi shi ne tarihin bashi. A Amurka ana auna amanar mutum da lambar da ke nuna yadda ya saba biyan bashi a ƙasar, baƙo kuwa ba shi da ita, ko da a Kumasi bai taɓa cin sisin kowa ba. Saboda haka sai a ce ya ajiye kuɗin jingina. Doka ta yarda kuɗin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ƙiyasta zai sha a shekara, ko kuɗin wata biyu, duk wanda ya fi yawa. Idan ƙiyasin shekara dala 1,800 ne, alal misali, sai ya nemo dala 360 a makon da ya biya hayar farko ya sayi katifa. Ana yafe wa wanda ya kai shekara 65, ana yafe wa wanda ya kawo takardar yabo daga tsohon kamfanin wutarsa, amma wane ne zai karɓi rasit ɗin ECG a Teksas? Idan jinginar ta gagara, sai a nuna masa tsarin biya kafin sha, irin mitar katin da muka sani a gida, wanda yawanci ya fi tsada, kuma da kuɗi sun ƙare wuta ta tafi. Ashe tun daga bakin ƙofa mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan farashi mafi girma.

Wani lokacin ma sai ya tarar an kulle mitar gidan saboda bashin wanda ya tashi ko saboda an taɓa yi mata kutse, ba za a buɗe ba sai ya cika takardar shaidar cewa shi sabon mazauni ne ya haɗa da yarjejeniyar hayarsa. Ga kuma wani abin mamaki. Doka ta ba wanda ya sauya kamfani yana zaune a gidansa kwana uku na aiki ya janye idan ya ga ya yi kuskure, amma wannan sassauci bai shafi wanda ke sabuwar tarewa ba. Wanda ya fi kowa jahiltar kasuwar shi aka hana wa damar yin da-na-sani.

Sai mu zo kan farashi, inda dabarar take. Kowane tayi yana zuwa da takardar bayanin farashi da hukuma ta wajabta, wadda ke nuna matsakaicin kuɗin yunit ɗaya ga mai shan yunit 500 a wata, da mai shan 1,000, da mai shan 2,000. Niyyar hukuma mai kyau ce, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan tsakiya sun lura ido ya fi faɗawa kan farashin yunit 1,000, sai suka ƙirƙiro tsarin da ke ba da rangwame idan shan wutarka ya kai wannan adadi. Mu buga lissafi na misali. A ce yunit santi 20 ne, kuma akwai rangwamen dala 100 ga wanda ya kai yunit 1,000. Wanda ya sha 1,000 cif zai biya dala 100, wato santi 10 kowane yunit, kuma wannan adadi ne za a rubuta da manyan baƙaƙe. Wanda ya sha 999 zai biya kusan dala 200. Ɗanmu da ke ɗaki ɗaya da falo, wanda aka rena da kashe fitila in zai fita, yana shan 600, zai biya dala 120, santi 20 kowane yunit, ninkin abin da ya gani a talla. Tattalin da uwarsa ta koya masa shi ne ya zama tararsa.

Irin wannan dabara tana da 'yan'uwa. Akwai tsarin da ke cin tarar wanda bai sha wuta da yawa ba. Akwai na wutar dare kyauta, wanda ke rama kyautar da tsadar rana, alhali da rana ne zafi ke tilasta kunna na'ura. Akwai farashi mai yawo, wanda ke farawa da araha a watan farko sannan kamfani ya ɗaga shi yadda ya so. Ko wanda ya dace da tsayayyen farashi na wata 12 bai tsira ba, domin idan ya fasa kafin wa'adi akwai tara, idan kuma wa'adi ya cika bai sabunta ba, sai a mayar da shi farashin wata-wata, wanda galibi ya fi tsada. Wasiƙar gargaɗi tana zuwa, gaskiya ne, amma tana zuwa cikin tarin takardun talla, da Turanci ko Sifaniyanci, ga mutumin da ke tuƙin mota ko aikin jinya awa goma sha biyu a rana. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu tambayi kanmu me ake zaɓa a nan. Wutar da ke shigowa ɗaki iri ɗaya ce, ta waya ɗaya, daga turke ɗaya, ko wane kamfani aka ɗauka. Mai sayen goro yana duba fari da ja, ya ɗanɗana, ya bambance ɗanye da wanda ya kwana biyu. Mai sayen wuta ba shi da abin dubawa sai takarda. Idan hajar kowa iri ɗaya ce, ta ina ɗan tsakiya zai ci riba fiye da maƙwabcinsa? Wani ɓangare daga iya saro ne, amma wani ɓangare mai yawa daga mantuwar mai saye ne da gajiyarsa da rashin saninsa. Kuma a ranar da wuta ta ɗauke, zaɓin ba ya amfana komai. A watan Yulin 2024 guguwar Beryl ta jefa gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 cikin duhu a yankin Huston, wasu sun haura mako a haka cikin tsananin zafi. Babu wanda ya iya sauya sheƙa, domin mai turaku ɗaya ne, kuma ba a zaɓarsa. Hatta yawan sunayen da ke shafin akwai ruɗi a ciki. Reliant da Green Mountain da Direct Energy duk na kamfanin NRG ne, TXU da Ambit kuwa na Vistra ne. Rumfuna da yawa, masu rumfa kaɗan.

Masu cewa Amurka ba ta san dumso ba, su tuna watan Fabrairun 2021. Wani matsanancin sanyi ya sauka a Teksas, rijiyoyi da bututun iskar gas suka daskare, tashoshi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4.5 suka rasa wuta, wasu na kwanaki. Hukumar ERCOT, mai kula da layin wutar jihar, ta ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin ya durƙushe gaba ɗaya. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, da yawansu sanyi ne ya kashe su. Abin bai zo ba tare da gargaɗi ba. A 2011 an yi makamancinsa, hukumomin tarayya suka ba da shawarar a yi wa tashoshi rigar sanyi, ba a tilasta ba. Dalili a fili yake. A tsarin Teksas ana biyan mai tasha kuɗin wutar da ya sayar ne kawai, ba a biyansa ladan zama cikin shiri. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe dukiya a kan ranar da take zuwa sau ɗaya a shekara goma, alhali in ta zo ƙarancin ne ma ke ɗaga farashi?

Ya kuwa ɗagu. Kwanaki kusan huɗu farashin sari yana kan dala 9 kowane yunit, abin da a ranakun lafiya santi kaɗan ne. Wani kamfani mai suna Griddy yana da masu saye kimanin 29,000, waɗanda ya haɗa kai tsaye da farashin sari a kan ladan dala 9.99 a wata. A shekarun sauƙi sun ci araha, suna ganin sun fi kowa wayo. A wannan mako wasu suka wayi gari da bashin dubban daloli, har akwai wanda lissafinsa ya kusa dala 17,000, kuma kuɗin ana zare su ne kai tsaye daga asusun banki. Kamfanin ya rushe a watan Maris, majalisar jiha kuma ta haramta sayar wa gidaje irin wannan tsari. Sai da aka yi ɓarna sannan doka ta tuna aikinta.

Idan an ce wannan mako ɗaya ne, ga lissafin shekaru. Jaridar Wall Street Journal, wadda ba wanda zai zarge ta da ƙin jari-hujja, ta yi nazari a 2021 ta gano cewa mazauna yankunan zaɓi na Teksas sun biya dala biliyan 28 tun daga 2004 fiye da abin da za su biya da a ce farashin tsofaffin kamfanonin jihar aka yi musu. A jihar Niyok, inda jama'armu suka yi kaka-gida a unguwar Buronks, zaɓin ba dole ba ne, amma dillalan 'yan tsakiya sun daɗe suna bin gida-gida suna neman a nuna musu takardar kuɗin wuta. A 2016 hukumar jihar ta yanke hukuncin hana su sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, bayan ma'aikatanta sun gano cewa masu sayen wuta da gas daga hannunsu sun biya rarar fiye da dala miliyan 800 cikin wata 30. A Masacusets, ofishin babbar lauyar jiha ya fitar da rahoto a 2018 cewa masu zaɓi sun yi asarar kimanin dala miliyan 177 cikin shekara biyu, kuma talakawa ne suka fi shan kashi. A Birtaniya kusan kamfanoni 30 suka rushe daga 2021 da farashin gas ya tashi, aka raba kuɗin gyaran ɓarnar a kan takardun kowa da kowa.

Adalci ya wajabta mu saurari abokan jayayyarmu. Za su ce mai natsuwa da ilimi yana samun araha a Teksas, kuma gaskiya ne. Wanda ya iya Turanci, yana da kwamfuta da lokaci da tarihin bashi mai kyau, yana sauya kamfani duk shekara, yana iya biyan ƙasa da maƙwabcinsa. Amma daga ina arahar tasa take fitowa, in ba daga aljihun tsohuwar da ta manta wa'adi da baƙon da bai gane takarda ba? Za su ce Teksas ce kan gaba a Amurka wajen wutar iska. Wannan ma gaskiya ne, sai dai manyan layukan da suka kwaso wutar daga yammacin jihar zuwa birane majalisa ce ta umarci a gina su a 2005, suka ci kusan dala biliyan 7, aka raba kuɗin a kan dukan masu shan wuta. Hukuma ce ta share hanyar, sannan 'yan kasuwa suka bi da kayansu.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba game da wannan. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa ciniki ba ya inganta sai an san haja an san farashi, kuma sun yi dogon bayani a kan garari, wato cinikin da ƙarshensa ke ɓoye. An hana tarbar ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, hikimar kuwa ita ce kare baƙo daga wanda zai ci ribar jahilcinsa. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito wanda ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, har wasu malaman zamani suka yi ƙiyasin makamashi a kai. Fatawa ta malamai ce, mu ba mu isa ba. Amma ko almajiri ya san cewa tallar da aka gina domin mai saye ya fahimci abin da ba shi ne ba ta yi hannun riga da amanar ciniki.

Me ya kawo wannan dogon zance shafinmu, mu da muke zaune a Gana? Abu biyu. Na farko, 'ya'yanmu ne ke can suna sa hannu a waɗannan takardu, kuma dalar da aka zare musu a banza ita ce da za ta zama kuɗin makaranta ko na magani a gida. Na biyu, tun farkon 2025 gwamnati ta sake ɗauko maganar shigar da 'yan kasuwa cikin harkar ECG, kuma da sunan waccan kasuwa ta Amurka ake lallashin wasunmu. A nan wajibi ne mu bambance. Abin da ake tattaunawa a ƙasar nan babu zaɓi a cikinsa ko kaɗan. Mazaunin Ankara ko Kumasi zai ci gaba da kasancewa da mai raba wuta ɗaya, kamar yadda na Tamale da Wa ke da NEDCo. Tambayar kawai ita ce wa zai riƙe akwatin kuɗi. Mun kuwa taɓa gani. A ranar 1 ga Maris 2019 aka miƙa ayyukan ECG ga kamfanin PDS, a ƙarshen Yuli aka dakatar da yarjejeniyar domin takardun lamunin da aka gabatar ba su inganta ba, a Oktoba aka soke ta, Amurka kuma ta janye dala miliyan 190 na tallafi. A wannan shekara ce ministan kuɗi ya shaida wa majalisa cewa ƙasa na biyan kimanin dala miliyan 500 a shekara domin wutar da ba a sha, sakamakon yarjejeniyoyin da aka ƙulla da masu tashoshi a kan sharaɗin a sha ko kada a sha sai an biya.

Ba muna wanke ECG ba ne. Kamfanin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da ya saro ke salwanta tsakanin tsofaffin wayoyi da sata da rashin karɓar kuɗi ba ya buƙatar lauya daga zango. Amma ciwon da ke damunmu a unguwa yana da suna, kuma sayar da kamfani ba shi ne maganinsa ba. Hukumar PURC ta ware farashi mai rahusa ga gidan da bai wuce yunit 30 a wata ba, kuma farashin yana ƙara hawa idan an haura 300. Gidan yawa na zango, mai ɗaki goma sha biyu da mita ɗaya, yana tsallake waɗannan iyakoki tun kafin wata ya raba. Sai ka ga mai sayar da koko da ƙwai biyu na fitila da fanka ɗaya tana biyan farashin mai babban gida a unguwar masu hali, sannan ƙarshen wata a yi ta rigimar rabon kuɗi, ana ƙirga wa mutane dutsen guga da firji, har zumuncin shekaru ya lalace. Wannan da abin da ke faruwa da ɗanmu a Huston uwarsu ɗaya: tsarin farashin da aka zana da wani irin gida a zuciya, aka yi wa wanda ba ya cikin zanen hukunci da shi.

Saboda haka kiranmu ga na waje shi ne su farfaɗo da aikin maigida. Kowace ƙungiyar 'yan zango da kowane masallaci a Huston da Dalas da Buronks yana da mutum ɗaya ko biyu da suka iya karanta waɗannan takardu. A san su, a tura musu sabon zuwa kafin ya taɓa waya. Abin da za su koya masa kaɗan ne. Ya tambayi mai hayar ko maƙwabta yawan yunit da irin ɗakinsa ke sha. Ya nemi tsayayyen farashi wanda adadinsa a 500 da 1,000 da 2,000 suke kusa da juna, domin tazara mai faɗi alamar tarko ce. Ya duba tarar fasawa, ya kuma san cewa in ƙaura ce ta tashe shi ya kawo shaida ba a cin sa tara. Ya rubuta ranar cikar wa'adi a inda zai gani, domin a kwana 14 na ƙarshe yana iya sauyawa kyauta. Ya nemi jinginarsa bayan ya biya wata 12 a jere a kan lokaci. Kada ya nuna wa mai ƙwanƙwasa ƙofa takardar wutarsa. Akwai kuma magana mai ɗaci da ba za mu haɗiye ba. Wasu kamfanoni ta hanyar dangi da abokai suke talla, suna ba da kamasho a kan kowane kai. Ɗan'uwan da ya ja sabon zuwa cikin tsarin da shi kansa bai karanta ba domin 'yan daloli, ya tarbi ayari a bayan gari, ko da a harabar masallaci ya yi shi.

Kiranmu ga na gida kuwa shi ne mu daina barin maganar wuta a majalisar dare. PURC tana zaman jin ra'ayin jama'a kafin babban sauyin farashi. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata su halarta da buƙatu a rubuce: a sauƙaƙa raba mita ga kowane mai haya a gidan yawa, a bayyana wa jama'a duk yarjejeniyar da za a ƙulla a kan ECG kafin a sa hannu, a yi bayanin farashi da Hausa da Dagbani da Tuwi a gidajen rediyo, a kuma faɗa ƙarara wa zai ɗauki asara ranar da ɗan kasuwar ya kasa. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da alkawarin buhun shinkafar azumi, a tambaye shi matsayinsa a kan mita.

Gemun ɗan'uwa ya kama wuta a Teksas da Niyok da Birtaniya, kuma mun ga hayaƙin. Jikokin fataken Gwanja ba su da uzurin a yaudare su da kalmar kasuwa. Duk wanda ya zo mana da ita, mu yi masa tambayar da kakanninmu ke yi kafin su kwance kaya: idan aka cuce mu, wa zai tsaya mana, kuma me zai yi asara in bai tsaya ba? Allah Ya haskaka gidajenmu, Ya tsare 'ya'yanmu a baƙunta, Ya ba shugabanninmu tsoronSa a cikin abin da suke sa wa hannu da sunanmu.